Tsiron Baba Kafinta

"Ajiye butar nan," in ji Baba Kafinta daga kan gado. "So kike ki kashe mini shi?"

Mai ɗinki ta tsaya a bakin taga da buta a hannu. Ita da ta raini 'ya'ya biyar, yau za a koya mata ba shuka ruwa? Amma ta ajiye. Shekara goma sha biyu ƙofarsu na kallon juna, kuma tun da ciwo ya kwantar da shi ita ke leƙo shi safe da yamma. Ta san gardama da shi ɓata yawu ne.

Tsiron na cikin wata 'yar tukunya, ganyensa ɓul-ɓul kamar ƙwan tantabara. Dutsen wata Baba Kafinta yake ce masa. Yana haki ya karanta mata doka: ranar safe kawai, ruwa kuma sai an soka tsinke har gindin tukunya ya fito a bushe. Ya ce tausayi ke kashe irinsa, ita kuwa tausayinta ya yi yawa. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, in dai a hannunta ne ba zai mutu ba.

Ranar Laraba ya ce ta miƙo masa tukunyar. Shi da bai taɓa yarda ko gefen hannun riga ya goge ganyen ba, sai ya ɗora babban yatsansa a kan guda, ya daɗe. Kafin rana ta yi tsaka ya cika. Ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye wa kowa ba.

Bayan kwana uku 'yarsa ta shigo kwashe kaya, da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ta goge tebur, ta goge akwatin kayan aikinsa, ta nufi taga tana mitar yadda aka bar shuka ta yi furu-furu.

Mai ɗinki ta riƙe mata hannu. "Ba datti ba ne, 'yata. Wannan farar hodar ce ke kare shi daga rana. In kin goge, ba ta dawowa."

'Yar ta sunkuya ta duba da kyau. "To wannan tabon fa, Inna? Wa ya goge nan?"

"Babanki ne."

'Yar ta saki tsumman a ƙasa. Can ta ce ita ba za ta iya da shi ba, ta san halinta, kullum sai ta zuba masa ruwa.

Mai ɗinki ta rungumi tukunyar ta tsallaka zuwa ɗakinta, ta ture zare da almakashi daga kan taga. Ta soka tsinke, ya fito da danshi, ta bar buta inda take. Sannan ta juya tukunyar a hankali, har ganyen nan mai shaidar yatsa ya koma ɓangaren inuwa.