Abu Ɗaya Tak

"Ba zan sa hannu ba, Kawu," in ji Mashkura, ta tura takardar gefen tebur.

Alhaji Falalu, ƙanin mahaifiyarta, mai masana'antar ruwan leda a gefen garin Dutse, ya cire tabarau ya dube ta. Wata huɗu ke nan da ya ɗauke ta aikin duba tsabtar ruwa, bayan ta shekara biyu a gida, digirinta na kimistiri yana kwance a ƙasan akwati. Yanzu so yake a buga a jikin kowace leda: "Ruwan Falalu, abu ɗaya ne tak, halittarsa babu haɗi," sannan a ƙasa a sa sunanta da digirin. Wani abokin gasarsa a Ringim ya sa hoton likita a tasa ledar, shi kuwa likita na gida gare shi, har da takarda.

Mashkura ta ce in tsabta ce, yanzun nan za ta sa hannu, domin ruwansa fes yake. Amma babu ruwan da yake abu ɗaya, ko na sama ne. Iska biyu ce, haidurojin da oksijin, suka ƙullu suka zama wani abu dabam da bai yi kama da ko ɗayansu ba. Ta jawo guntun wayar lantarki ta nuna masa jan ƙarfen ciki. Wannan shi ne abu ɗaya, in ji ta: a daka, a narka, a yi masa duk yadda za a yi, jan ƙarfe zai fito.

"To ni ruwana ya kasa waya ke nan?"

Ta ce ba gasa ba ce.

Ya ce shekara sittin yana shan ruwa, bai taɓa jin iska ta tokare masa maƙogwaro ba. In gaskiya ne, ta nuna masa.

Nan ne girman kan Mashkura ya motsa. Ta sa aka ciro batirin babur, ta fiƙe fensir biyu kai da gindi, ta haɗa da waya, ta tsoma su cikin kofin ruwan Falalu. Ruwan ya yi shiru, don tsabtarsa ta hana wuta ratsa shi sosai. Kawu ya fara murmushi. Sai ta aika kicin aka kawo 'yar kanwa, ta barbaɗa. Nan da nan kumfa ta fara tashi a bakin kowane fensir, ɗaya ya fi ɗaya yawa. Ta cika ƙaramar kwalba da ruwan, ta kifa ta a kan fensir mai yawan kumfar har iska ta kori ruwan ciki, sannan ta ɗaga ta ƙyasta ashana a bakin kwalbar.

Kwalbar ta ce fas. Alhaji ya tsinci kansa a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, yana salati. Direbobin da ke leƙe ta taga suka dare.

Da numfashinsa ya dawo, ya gyara hula, ya ce ai ya gani da idonsa: ruwansa lafiya lau yake zaune sai da ta zuba kanwa. Laifin kanwa ne. Ta yi bayanin cewa kanwa hanya kawai ta buɗe wa wuta, bai saurara ba. Ya hana mai tuwon ma'aikata sa kanwa a miya daga ranar, sannan ya sake tura mata takardar, da biro a kai.

Da yamma mahaifiyarta, Dada, ta lallashe ta. Ta ce sa hannu ne kawai, wa yake karanta ledar ruwa? Ciza ake yi a sha a yar. Mashkura ta ce ita za ta karanta, malaminta na jami'a ma yana shan ruwan leda.

Ledar ta fito bayan sati biyu da rubutun nan cif, ba sunan kowa a ƙasa, ruwan kuma ya ci gaba da ƙarewa a kasuwar Jahun kamar da. Mashkura ta rasa aikin, ta rasa albashin da take sayen maganin ciwon ƙafar Dada da shi, ta rasa motar kamfani da ke ɗaukarta da safe. Kawu ya yi wata takwas ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Digirin ya koma ƙasan akwati, babu abin da aka rubuta da sunansa.