Saɓa a Zanin Gado

Glenys ta yaye zanin gado za ta kai wanki, sai wasu abubuwa farare suka zubo mata a ƙafa. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Fata ce, ta mutum, siririya kamar ɓawon albasa, har da silin furfura manne a jiki. Ta yar da ita, ta yi ta goga yatsunta a siket.

Daga ɓangaren mijinta Merv ta zubo. Duk wanda ya girma a garin Bundaberg kuwa ya san abin da ke sa bayan mutum saɓa a watan Janairu, lokacin da zafi ya fi tsanani a can. Rana ce ta gasa shi.

Merv ɗin da ko shanya aka hana shi fita yi da tsakar rana! Bara aka yanke masa melanoma a ƙasan kafaɗa, muguwar kansar fatar nan mai farawa da ɗan baƙin ɗigo. Ladan shekarun da ya yi a gonar rake ba riga ke nan. Bayan tiyata likita ta ce ya raba gari da rana, ta kuma ɗora wa Glenys aikin duba masa baya duk farkon wata, tunda mutum ba ya ganin bayansa. Da aka ga bitamin D ya yi ƙasa a jininsa saboda zaman inuwa, sai ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Glenys na zaune likitar ta faɗa da bakinta: wannan don ƙashi ne, ba wanda ya tabbatar yana hana ciwon dawowa.

Yanzu ta gane dalilin kwana da riga a wannan zafin. Ta gane “bari sai gobe, Glen” da ake ce mata duk ranar dubawa. Ita kuma ta yi ta uzuri, wai namiji ne, tabon yake jin kunya. Haushin kanta ya fi komai cinta.

Ranar Alhamis ce, ranar da yake zuwa gidan abokinsa Trev a bakin kogi, wai taya shi gyaran injin kwale-kwale a cikin rumfa. Injin da aka fi wata uku ana gyarawa. Ta ɗauki malafarta da mukullin mota.

Rumfar a rufe take da kwaɗo. Wari ne ya ja ta zuwa bayan gida, warin man kwakwa da ya cuɗu da gumi da ɓawon jatan lande da ya kwana a bokiti. Ga su nan rub da ciki a kan siminti, kowa da tawul ɗinsa, tsofaffi biyu daga su sai gajeren wando. Bayan Merv ya yi jajir, ya ɗuri ruwa a wasu wurare, tsohuwar fata ta nannaɗe a gefe, mai yana naso a kai. Ƙuda ya sauka daidai kan tabon tiyatar yana tafiyarsa a natse. A tsakaninsu gwangwanayen giya ne da kwalbar ƙwayar nan, bakinta a buɗe.

Ta yi jinyar uwarta har ta rasu, ta wanke raunin mutumin nan da hannunta lokacin da yake zubar da ruwa, ba ta taɓa jin ƙyama ba sai yau.

“Mervyn.”

Rabon da ta kira cikakken sunansa tun yaransu na ƙanana. Ya zabura yana laluben riga, rigar kuwa tana can rataye a kan shinge.

Trev ya juyo ya zauna, tumbinsa na sheƙi. Tsohon mai sayar da kifi ne, tun da ya rufe shago ya koma likita, asibitinsa kuma wayar hannunsa. Ya ce, “Glen, shigo mana, akwai giya mai sanyi. Ki daina wannan kallon kamar kin kama mu da matan mutane.”

“Da matan ne ai da sauƙi,” in ji ta. “Injin ke nan?”

“Magani muke sha. Tsaya ki ji. Bitamin D daga ina yake fitowa? Daga rana. Ita ƙwayar nan rana ce aka ɗura a kwalba. To in na kwalba yana magani, ina ga na sama, gangariya? Kullum muna haɗiyar biyar-biyar, sai mu fito mu ƙara da na asali. Ni sau nawa aka yanke ni? Duba nan, duba kunnena. Ga ni garau.”

“Naka ciwon irin wanda ake cirewa ne a sallame ka kafin shayinka ya huce. Nasa kisa yake yi, Trevor, kuma ka sani, kai ka kai mu asibiti.”

“Likitocin nan in ba ku tsorata ba me za su ci?”

Ta yi tsaki ta juya masa baya. Ba da shi ta zo yi ba. Merv ya tashi zaune, ya maƙale hannun dama a jikinsa, yana kallon siminti. Mutum mai jikoki, wanda ya san lokacin da rake zai nuna daga kallon ganye, ya zauna yana shan karatun mai kifi.

“Juya,” ta ce.

“Glen, a gida dai. Ba a gaban mutane ba.”

“Ka tuɓe a gaban mutane, ni ce ba zan gani ba? Juya.”

Ya juya. Ta danne numfashi ta sa hannu. Man ya yi zafi, fatar tana saɓulewa tana bin yatsunta. Ta bi tabon daga sama har ƙasa yadda likita ta koya mata, ta bi kafaɗu, ta bi ƙugu. Ba sabon ɗigo. Har ta fara sauke ajiyar zuciya.

“Kin gani?” in ji Trev. “Mutumina, gaya mata aikin rana ne.”

“Ɗaga hannu,” ta ce.

Merv ya ɗaga na hagu.

“Ɗayan.”

Bai ɗaga ba. Ita ta kama gwiwar hannun ta ɗaga da ƙarfi, ta cusa yatsu cikin jiƙaƙƙen gashin hammatar. Yana nan. Ƙullutu ne kamar ƙwan tattabara, mai tauri, ba ya gocewa in an danna. A daidai wurin da likita ta ce in an ji wani abu kada a jira wayewar gari, don wataƙila ciwon ne ya dawo.

Trev ya leƙo ya ce, “Kaluluwa ce kawai. Ya ƙara biyu a kan biyar ɗin...”

Kallo ɗaya ta yi masa. Ya haɗiye sauran, ya jawo tawul ya yafa a kafaɗa.

Ta dubi mijinta, tana jira ta ga ya firgita, ya kai hannu ya taɓa, ya tambaye ta mene ne. Bai yi ko ɗaya ba. Idonsa na kan kogi.

“Tun yaushe?” ta ce.

“Ya fi wata uku.”

“Ka ji shi, ka yi shiru, ka zo nan ka kwanta?”

“Da na ji shi ne na fara zuwa,” ya ce a hankali. “Trev ya ce zai narke. Da ke na gaya wa, Glen, da kin gaya mini gaskiya.”