Hutun da Yaya Ya Zo Yi

A asibitin bariki, kunya ba ta da wurin zama a ɗakin Kanar. Likitan mafitsara ne, ya yi tiyata a tanti a bakin daga, ya yi ta a ɗaki mai sanyi. Ko janar ne ya shigo yana kame-kame, sai Kanar ya ja labule ya ce, "Ranka ya daɗe, sauke wando, ba ka da abin da ban taɓa gani ba." Kuma dole a sauke. Bakinsa ba linzami, amma maza da yawa suna raye ne saboda wannan rashin kunyar.

Mutum ɗaya ne ya fi ƙarfinsa, yayansa bakanike, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. A gabansa Kanar ba kowa ba ne face Auta, duk da furfurar da ta cinye masa kai.

Wata rana Yaya ya iso ba sanarwa, da 'yar jakarsa, ya ce hutu ya zo yi. Aka sauke shi a ɗakin baƙi. Washegari da safe Kanar yana aske gemu, sai ya ji shi ta bango. Fitsarin ya fara, ya tsaya, ya ɗiga, ya sake tsayawa, sannan wani nishi ƙasa-ƙasa na mutumin da ba ya so a ji shi. Reza ta tsaya cak a hannun Kanar. Ya san wannan sautin sarai, ya kuma san yana iya zama ciwon daji, irin wanda ake cirewa idan an kama shi da wuri.

Suna shan shayi ya ce, "Yaya, jiki lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Auta. Me ka gani?"

"A'a, ba komai."

Yaya ya ɗan dube shi, sannan ya mai da ido kan kofinsa.

Matar Kanar ta tsare shi a kicin. "Baban yara, ka yi masa magana mana. Kai da kake tuɓe manya."

"Shi ya yi mini wanka ina yaro," in ji shi. "Da wane bakin zan ce ya kwanta in duba shi?"

Sai ya yi dabarar matsorata. Ya gayyato wani manjo abokin aikinsa cin abinci, suka yi ta hirar cututtukan tsofaffi kamar da iska suke. Yaya ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya tashi. Kwana biyu bayan haka ya ɗauki jakarsa. Kanar ya ƙudurta zai bi shi gida da zarar ya sami sarari. Sararin bai samu ba, aka tura shi bakin daga.

Da ya dawo, a asibitinsa ya tarar da Yaya, 'yar Yayan ce ta kawo shi. Kanar ya ɗaga hotunan gwajin da aka yi wa Yaya a gaban fitila. Ciwon ya shiga ƙashi, ƙoda ta kusa gazawa, babu abin da wuƙa za ta yi kuma. Ya ajiye hotunan a kan tebur.

Ya shiga ɗakin. Yaya ya rame ya zama kamar rabin kansa. Yana ganin ƙanensa ya ja mayafi ya rufe robar fitsarin da ke rataye a gefen gado.

"Yaya, don Allah me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Auta, yaushe ka taɓa ganin na rufe gareji na tafi hutu?" Ya numfasa. "Ai wurinka na zo. Kullum da safe sai in ce yau zai tambaye ni. Da ka kawo mini baƙo, sai na ce to, nauyina yake ji, kada in takura wa yaron nan."

Kanar ya zauna a bakin gado, ya kasa ɗaga kai. Hawaye suka fara sauka a kan kakinsa.

Yaya ya miƙo busasshen hannu ya dafa masa gwiwa.

"Bar kukan, ban ga laifinka ba. Ni na koya maka ladabin."