Tiren Goggo Marsel

Shekara talatin da ɗaya tiren nan yana cikin kabad ɗin goggona Marsel, naɗe da bargo kamar jariri. Kakarta ce ta zo da shi daga Paris: tagulla mai ruwan zinare, gefensa zanen 'ya'yan inabi, tsakiyarsa madubi. Duk unguwarmu ta Ashrafiya an ji labarinsa, ba wanda ya taɓa sa shi a ido. Wai tana jiran baƙin da suka isa. Bishop da kansa ya zo, aka ba shi gahawa a tiren roba. Har maƙwabciyarta Madam Jorjet ta fara yaɗawa cewa tiren a baki kawai yake, maganar da ta fi ciwon gwiwa damun Goggo.

Sai mijinta Baba Antun ya rasu. Ta san manyan matan da ba su taɓa hawo benenmu ba duk za su zo gaisuwa. Tun da sassafe na tarar da ita cikin baƙaƙen kaya, ta goge tiren ta girke shi tsakiyar falo. Kunya ta kama ni, amma wa ya isa ya tanka?

Wadda ta fara isowa yayar mamacin ce, Inna Wadi'a, mai shekara tamanin da bakwai.

"Marsel, madubi a buɗe a gidan makoki? So kike ran ƙanena ya maƙale a ciki?"

"Haba Yaya, ai tire ne."

"Ba ga hancina nan a ciki ba? Madubi ne. Ke Salma, miƙo zanen gado."

Ni Salma, da hannuna na rufe shi. Kwana uku mutane suna wucewa ta gefen wani farin tudu. Madam Jorjet har jakarta ta ɗora a kai. Nan Goggo ta fashe da kukan da ko a maƙabarta ba ta yi ba, mata suka riƙa cewa ba su taɓa ganin mai son mijinta haka ba.

Da jama'a suka watse, ta yaye zanen, ta daɗe tana kallon ciki.

"Salma, sau ɗaya ya taɓa roƙona abu. Ranar da ya yi ritaya, ya ce in kawo masa gahawa a kan tiren nan."

"Kika ce masa me, Goggo?"

"Na ce ba na 'yan gida ba ne."