Sawun Isaka a Kasuwar Bangi

Tun da ɗana Isaka ya komo daga Aljeriya yake cewa akwai mota cikin kunnensa, direba ya ƙi kashe ta. Da ya fara bin hanya yana neman inda za a sauke shi, sai muka ɗaure shi da sarƙa a gindin aduwa. Wata bakwai. Na lura ko tururuwa ta daina hawan itacen nan. Ƙarfen ya ci masa ƙafa, wurin ya fara wari.

Sai Dela ta zo, matar da ƙungiyar agaji ta koya wa bin gidaje tana duba masu ciwon kai irin nasa. Ta ce likitan gwamnati yana zuwa Bangi sau ɗaya a wata, ranar kasuwa, ƙungiyar ce ke kawo magani. Kowa a nan ya sani, wanda hankalinsa ya taɓu in ya taka kasuwa ba ya warkewa. Gidan likita kuwa yana can bayan rumfuna.

Biba, uwarsa, ta ce gara sarƙa. Dela ta duba ƙafar, ta ce in an jira wani watan sai dai a yanke.

Na ɗora shi a amalanke, da niyyar in kewaya ta fadama. Na tarar ruwa ya cika ta. Ba hanya sai tsakiyar kasuwa, amalanke kuwa ba ta shiga tsakanin rumfuna. Na goya shi, ƙato mai shekara talatin, don kada ya taɓa ƙasa. Na kutsa tsakanin rumfuna da shi. Wani mahauci ya ce, "Baba, yau kai aj jakin?" Wajen masu gishiri na yi tuntuɓe. Ƙafarsa ta dama ta sauka. Yatsu biyar cikin rairayi, na gan su da idona.

Likita ya wanke mikin, ya daɗe yana saurarensa, ya ba da ƙwayoyi. Dela na zuwa duk Laraba. Yau wata uku, an cire sarƙa, Isaka na ban ruwa a garkar albasa. Ya ce motar ta yi nisa.

Ban gaya wa Biba ƙafarsa ta taka kasuwa ba. Duk ranar kasuwa nakan je wajen masu gishiri in dubi wurin.

Jiya Isaka ya ce, "Baba, gobe kasuwa. In raka ka?"

Na ce ya bari tukuna.