Misalin da Ta Sa a Ƙamus

Wata tara ke nan tana aikin gwaji a kamfanin buga littattafai, tana tsara ƙamus na 'yan makaranta. Takardar tabbatar da ita a aiki tana kan teburin mataimakin shugaba, har kofin shayinsa ya yi mata zobe.

Da ta iso kan kalmar "fadanci", asalinta bai ba ta wuya ba: daga fada ne, inda ake zama gaban mai mulki ana yaba duk abin da ya fito daga bakinsa. Jimlar misali ce ta gagare ta.

Tana cikin tauna biro sai shugaba ya shigo, takalminsa duk taɓo. Mataimaki ya durƙusa ya goge masa da hankici, ya miƙe ya share wa kansa gumin goshi da hankicin nan.

Shugaba ya leƙa takardunta, ya ce ta kuskure ma'anar wata kalma. Ta buɗe masa littattafai uku da suka gaskata ta.

"Ranka ya daɗe," in ji mataimaki, "in dai kai ka faɗa, to littafi ne ya yi kuskure."

Ta sunkuyar da kai ta rubuta maganar yadda take. Misali ya samu.

Washegari mataimaki ya kira ta, shafin na hannunsa.

"Malama, wannan fa?"

"Yallaɓai, kai ka ce mu riƙa ɗauko misali daga bakin mutane."

"Ke dai digirin nan ya sandarar miki da gwiwa." Ya ƙwanƙwasa takardar aikinta da yatsa. "Biron da zai soke wancan shi zai sa hannu a wannan."

Ta dubi takardar, ta tuna mahaifiyarta da ke tambaya kullum ko an sa hannu. Ta ce, "Ba zan soke ba."

Shugaba da ke wucewa ya karɓi shafin, ya karanta, ya bushe da dariya.

"Wane sakarai ne ke magana haka? Ku bar shi, ya yi daidai."

"Wallahi, ranka ya daɗe, abin da nake gaya mata ke nan," in ji mataimaki, dariyarsa har ta fi ta shugaba.

Ƙofa na rufewa, mataimaki ya mayar da kofinsa kan takardarta. Ta koma kujerarta ta jawo kalma ta gaba.