Yatsan da Sabulu Ya Cinye

'Yar na'urar ba ta kai sabulun wanka girma ba, amma ita ta hana Mai Wanki sukuni. 'Yarsa ce ta kawo masa labarinta ranar da ta dawo daga gwajin share fage, wanda ake yi wa ɗalibai don hannunsu ya saba da kwamfuta kafin jarrabawar shiga jami'a. Ta ce a bakin ƙofa kowa sai ya ɗora babban yatsansa na dama a kan gilashin na'urar, ta kawo koriyar wuta, sannan ya wuce. Ita da ta ɗora nata, sai ja. Ta goge a mayafi ta sake, ja dai.

"Sai mai tsaron ƙofar ya leƙa yatsan ya ce, wanki kike yi? Wai zanen ya shafe, Baba. Lokacin rajista akwai shi, yanzu sumul kamar bayan cokali." Tana faɗa tana dariyar yaƙe. "Ya ce yau ya bar ni don gwaji ne. Ranar ta gaske, in na'ura ba ta gane ni ba, shi ma bai san ni ba. Sai dai in raba hannun da ruwa da sabulu, ko zanen zai dawo."

Mai Wanki ya ajiye dutsen guga, ya ce, "Kawo in gani, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Ya ja ta bakin taga ya sa tabarau. Gaskiya ne, yatsan har sheƙi yake yi. Ya kuwa san wanda ya yi wannan aika-aika. Shi mutum ne da bai yarda da buroshi ba sam. A wurinsa buroshi kayan ragwaye ne, yana cinye wuyan riga kafin mai ita ya gaji da ita. Tun tana taka bokiti kafin ta kai bakin baho ya koya mata yadda ake shimfiɗa wuyan riga a tafin hagu, a bi shi da babban yatsan dama a hankali har dauɗar ta saki. Ta iya har ta fi shi, ya kuwa sakar mata duk wuyan rigunan shagon yana ta alfahari. Ashe takardar shaidarta yake gogewa.

A ranar ya kafa doka. Ba wanki, ba wanke-wanke, ba ɗauraya. Mahaifiyarta ta riƙe haɓa ta ce, "To, ranki ya daɗe gimbiya, abincin ma a baki za mu riƙa ba ki?" Ta dai karɓi kwanukan tana mita, irin mitar da ba ta kai zuci ba.

Kullum da safe sai ya lakato man shafawa ya mulke yatsan da kansa, ya kai shi bakin taga ya ƙura masa ido kamar manomin da ke jiran tsiro. Daga nan ya kore ta zuwa shagon maƙwabcinsu mai kwamfuta, inda take gwada amsa tambayoyin shekarun baya. In ya fito shanya yakan saci kallonta ta ƙofa, ta tattara gira, hannunta a kan linzamin kwamfutar, agogon da ke saman allo yana ta cin lokaci. Bai fahimci komai a ciki ba, amma yana jin daɗin ganin yadda ta daina tsoron abin.

Shagon ne ya ji jiki. Yatsun tsoho sun yi kauri, ba sa shiga lungun ɗinki. Riguna suka taru, farare suka fara fita da ɗan duhu a wuya. Wani ma'aikacin banki da ya daɗe yana kawo kaya ya ɗaga rigarsa a rana, ya ce, "Baba, hannunka ya canza." Mai Wanki ya haɗiye maganar ya ba shi haƙuri. Ga sabulu ya tsattsaga masa gaɓoɓi, in ya tsoma hannu a ruwa sai ya cije leɓe. Yana ɓoye hannun a aljihu in tana kusa, yana ganin shi mai wayo ne.

Wata rana bayan azahar barci ya sace shi a kan ƙullin zannuwan gado. Ƙarar ruwa ce ta tashe shi. Ya zagaya bayan shago, sai ga Uwata durƙushe gaban baho. Ta ɗaure hannun dama da leda, wai dabara, tana cuɗa wuyan riga. Ledar ta huje tuni, kumfa ya cika ta fal.

Bai taɓa daka mata tsawa ba sai ranar. "Tashi! Ke wace irin yarinya ce? Wahalar da muke sha wasa kika ɗauke ta?"

Ta miƙe, ruwa na ɗiga daga ledar, idonta ya ciko. "Baba, na ga hannunka jiya da kake cin abinci. Jini yake yi. Ya zan zauna ina danna kwamfuta kana haka?"

Fushin ya zube masa nan take. Ya kwance ledar, ya goge yatsan da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa ko da ya bushe.

"Uwata, nawa hannun babu na'urar da ke jiran sa. Naki ake jira. Ki taimake ni da wannan, shi kaɗai na roƙe ki."

Ba ta sake taɓa baho ba. Ana saura kwanaki kaɗan, a hasken taga, ya fara ganin wasu siraran layuka suna zagaye tsakiyar yatsan. Ya kira mahaifiyarta ta duba. Ta ce ita dai yatsa take gani, amma Allah Ya sa.

Ranar jarrabawa ya rufe shago ya raka ta. Aka tsayar da iyaye a bayan shingen waya, ɗalibai suka ja layi. Daga inda yake ba ya jin komai, 'yar wutar kawai yake hange, tana ta kore, kore. Layi ya kawo kan Uwata. Ta ɗora yatsa.

Ja.

Ya damƙe wayar shingen, bai ma ji zafin tsagar hannunsa ba. Ya ga mai tsaron ƙofar ya yi mata magana yana nuna goshinsa. Ta goga yatsan a goshinta, inda gumi ya tsatso, ta sake ɗorawa, ta danna a hankali yadda take bin wuyan riga. Na'urar ta yi shiru kamar mai shawara, sannan ta kawo kore.

"Ta gane ta!" Bai san da ƙarfi ya faɗa ba sai da mutane suka juyo suna dariya. Ya ɗaga hannu don ta gan shi, amma na bayanta sun matso, ta shige ba ta waiwayo ba.

Wata mata da ke kusa da shi ta ce, "Taka ce? Barka. Ai shi ke nan kuma, sun kama hanya. Babbar tawa ma ta nan ta bi, yanzu sai hutu muke ganinta."

Mai Wanki ya juya ya sake duban ƙofar. Duk makonnin nan tunaninsa bai taɓa wuce bakin ƙofar nan ba. Sai yanzu ya ga abin da ke bayanta, wato ɗakin kwanan ɗalibai a wani gari, da bahon da babu kowa a gabansa, da safiyar da ba wanda zai ce masa Baba kawo in ƙarasa. Da hannunsa ya yi ta shafa mai a yatsan da zai buɗe mata hanyar barinsa, kuma da za a mayar da shi baya, haka zai sake yi. Murna da kewa suka haɗe masa, har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

Matar ta ce za a daɗe kafin su fito, gara ya je ya dawo. Ya ce a'a, babu komai. Ya nemi inuwa ya zauna jiranta, tunda yau dai tare za su koma gida.